Waiwaye: Shekara ɗari ana neman matatar da ba ta jan ƙafa

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai tatar gasara ya san matsalar. In ƙyallen mai manyan ƙofofi ne, ruwa zai zuba nan da nan amma dusa ta biyo shi. In saƙarsa ta matse, kamu zai fito sumul, sai dai hannu ya gaji da matsa. Tantanin tacewa na masana'antun magunguna da gidajen ruwa haka yake, illa dai ƙofofinsa ido ba ya ganin su. Faɗinsu yakan kama daga kashi ɗaya cikin goma na maikuron zuwa 'yan maikuron kaɗan, alhali silin gashin kai guda yakan kai wajen maikuron 70.

Lissafin kuwa ba ya sassauci. In aka rage faɗin ƙofa zuwa rabi, ruwan da zai bi ta cikinta ba rabi zai koma ba, kashi ɗaya cikin 16 zai koma. Kuma gwargwadon kaurin tantani, gwargwadon jinkirin ruwa. Wanda ke son gudu sai ya yawaita ƙofofi, ko ya sirantar da tantanin, ko ya ƙara matsin famfo ya biya kuɗin wuta.

A Jamus aka faro. A 1907 Heinrich Bechhold ya nuna yadda za a sarrafa girman ƙofofi a tantanin naitiroselulos, wani sinadari mai kama da leda. A 1918 Richard Zsigmondy da Wilhelm Bachmann suka fito da tasu hanyar a Gottingen, kuma kafin 1930 kamfanin Sartorius ya fara sayar da shi, 'yan faya-fayai don ɗakunan bincike. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya fito da shi fili. Bama-bamai sun lalata hanyoyin ruwan biranen Jamus, ana bukatar sanin wane ruwa ne zai shawu. Sai a tace ruwan ta faifan, a ɗora shi kan abincin ƙwayoyin cuta, washegari a ƙirga abin da ya tsiro, maimakon jiran kwanaki. Sojan Amurka suka tura Alexander Goetz ya gano yadda ake yi, kuma daga wannan zaren ne kamfanin Millipore ya samu a 1954.

An daɗe ana ɗauka ƙofa mai maikuron 0.45 ta isa ta tare kowace bakteriya. A shekarun 1960 Frances Bowman ta hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta kama wata 'yar ƙarama tana sulalewa ta ciki. Dole aka koma 0.22. Tsaro ya ƙaru, gudu ya faɗi, kuma masu haɗa allurai suka fara jin abin a aljihu.

Mafitar ta zo ne daga masu wata sana'ar daban, wato cire gishiri daga ruwa. A Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles, wajen 1960, Sidney Loeb da Srinivasa Sourirajan suna shimfiɗa narkakkiyar polima, wato sinadarin da ake yin leda da roba da shi, kan gilashi, su tsoma cikin ruwan ƙanƙara. Gwaji ɗaya ya yi kyau, na gaba ya watse, kamar ana jefa kwabo sama. Daga baya suka lura tantanin fuska biyu gare shi. Ɓangaren da ya kalli iska lokacin shimfiɗawa ya yi wata fata siririya ainun, ita ke tacewar, sauran jikin kuma soso ne da ke tallafe ta kawai. In aka juya shi baibai, aiki ya ɓaci. Da wannan fatar gudu ya ninka sau goma ko fiye, har garin Coalinga na Kalifoniya ya fara shan irin ruwan a 1965. Masu tantanin tare ƙwayoyin cuta sun ari dabarar amma suka juya ta da gangan: ɓangaren mai manyan ƙofofi ke fuskantar ruwa, ya kama manyan datti, kafin a kai ga matsattsen wurin. Matata ɗaya, aikin biyu.

A ganina, abin da ya fi koyarwa a tarihin nan shi ne makomar tantanin da suka fi kowa kyau. Masana a kamfanin General Electric sun harbi siririyar leda da ɓurɓushin nukiliya, suka wanke sawun da sinadari, ƙofofi suka fito miƙaƙƙu, kusan girma ɗaya. Sai dai harbin ba ya zaɓen wuri. In aka yawaita, ƙofa biyu su haɗe su zama babba, don haka dole a bar yawancin fuskar a toshe. A shekarun 1990 kuma, a Twente ta ƙasar Holan, Cees van Rijn ya zana ƙofofi a jere reras kan silikon, yadda ake ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta. Gudun ruwan abin mamaki ne, amma kowanne bai wuce faɗin faranti ba, alhali tantanin polima ana naɗe shi ne a dunƙule kamar yadi a masaƙa. Mai hargitsattsun ƙofofi, mai araha, shi ya ci kasuwa. Haka na Bob Gore, wanda a 1969 ya fizgi zazzafan sandan wata polima mai suna PTFE da ƙarfi, maimakon ya tsinke sai ya miƙe ya zama raga.

Gidajen ruwa sun ja jiki har sai da abin ya zo musu gida. A 1993 ƙwayar Kiriftosforidiyom, wadda kulorin ba ya kashe ta da sauƙi, ta shiga ruwan birnin Milwaukee na Amurka, mutum sama da 400,000 suka kamu da gudawa. Girmanta maikuron 4 zuwa 6 ne, tantani na tare ta ba wahala. Kasuwa ta buɗe wa siraran zarurruka masu rami a ciki, dubbai a bututu guda, 'yan uwan waɗanda ke cikin matatar injin wankin ƙoda a asibitocinmu.

A nan aka gane cewa alƙaluman gudu da ake bugawa a takardar talla na ruwa mai tsabta ne. Ruwan kogi yana zuwa da laka da yauƙi, cikin mintuna ya liƙe fuskar tantani, kuma ƙara matsi ƙara danƙare dattin yake yi. Kazuo Yamamoto na Jami'ar Tokyo ya nuna wata hanya a 1989: a nutsa zarurrukan cikin tankin, a riƙa zuƙa a hankali, kumfar iska na kaɗa su. Kowace murabba'in mita tana aiki ƙasa da ƙarfinta, amma da yake tantanin ya yi araha sai a zuba da yawa, a riƙa kora ruwa ta baya lokaci-lokaci don wankewa.

Neman ƙofofi masu girma ɗaya bai mutu ba. A 2007 masu bincike a Geesthacht ta Jamus sun haɗa wata polima da ke jera ƙofofinta da kanta da tsohuwar hanyar tsomawa a ruwa, sai dai polimar tana da tsada. Yanzu kuma wani lissafin ya shigo. Tarayyar Turai ta tsaurara dokar amfani da NMP da DMF, sinadaran da ake narka polima da su, sannan a Janairun 2023 Jamus da Holan da Denmak da Nowe da Suwidin suka miƙa wa Tarayyar bukatar taƙaita dangin sinadaran PFAS, masu daɗewa a muhalli ba su ruɓe ba, wanda polimar PVDF da PTFE ke ciki. Da PVDF ɗin ake yin kaso mai yawa na zarurrukan da ke gidajen ruwa a yau.