Tantance Hanyoyin Koyar da Injiniyanci a Jami'o'in Legas

Tantance hanyoyin koyarwa shi ne bin diddigin yadda malami yake ba da darasi, da auna abin da ɗalibi ya iya bayan an kammala. A fannin injiniyanci lamarin yana da nauyi, domin wanda aka yaye bana shi ne zai sa hannu a zanen gada nan gaba.

A Legas ana wannan aiki a Jami'ar Legas da ke Akoka, wadda aka kafa a 1962, da Jami'ar Jihar Legas, wadda tsangayarta ta injiniyanci take Epe. Hukumomi biyu ne ke sa ido: hukumar jami'o'i ta ƙasa, NUC, da COREN, majalisar da doka ta kafa a 1970 don yi wa injiniyoyi rajista. Tawagoginsu kan zo su duba ɗakunan gwaji, su ƙirga malamai, su buɗe takardun jarrabawar da aka riga aka ba maki.

A da tambayar ita ce ko an gama manhaja. Yanzu, musamman tun da COREN ta samu gurbin wucin gadi a 2023 a Yarjejeniyar Washington, wadda ƙasashe ke amincewa da digirin injiniyancin juna a ƙarƙashinta, ana so sashe ya nuna hujjar cewa ɗalibansa sun iya ƙira, da warware matsala, da aiki tare da wasu. Wannan ya fi wuya, amma ya fi kusa da gaskiya. Wani nazari da aka wallafa a Amurka a 2014, wanda ya tattara bincike 225, ya gano cewa ɗaliban kimiyya da injiniyanci sun fi faɗuwa a ajin da ake lacca zalla fiye da inda ake sa su aiki da muhawara.

Akwai kuma takardar da ɗalibai ke cikewa game da malaminsu. Tana da amfani, sai dai ba a dogara da ita kaɗai, don sau da yawa malami mai sassaucin maki ne ke shan yabo.

Ma'aunin da ba a cika kula da shi ba shi ne SIWES, shirin koyon aiki a masana'antu da asusun horar da ma'aikatan masana'antu, ITF, ya fara a 1973. Ɗalibin da ya taso a Agege ko Idi-Araba, aka tura shi wata ma'aikata a Ikeja ko Apapa, yakan dawo da littafin aiki ɗauke da sa hannun mai kula da shi, kuma daga nan sashe zai iya ganin inda darasin aji ya gaza.