Igwar wasa mai bin hasken infirared: amsoshin tambayoyin da ake ta maimaita mini

Ƴan lakwal da ɗaliban jami'a masu leƙowa shagona a Zango sun ga ƴar igwar wasan da ke kan teburina tana juyawa da kanta tana bin fitilar infirared, wato hasken da idon mutum ba ya gani. Tun daga nan duk wanda ya shigo tambayoyin nan dai yake yi, ina tsakiyar gyaran wayoyin mutane. Ga amsoshin a rubuce. Wanda ya sake zuwa da ɗaya daga cikinsu, nan zan turo shi.

Malam, wai mene ne abin?

Kayan wasa ne na kan tebur. Ana jona shi da kwamfuta ta USB, yana juyawa hagu da dama, yana ɗaga kai yana sunkuyarwa, yana harba kibiyoyin soso. Wadda aka fi sani ita ce Thunder ta kamfanin Dream Cheeky, mai kibiya 4. Asali da hannu ake tuƙa ta daga kwamfuta. Mu ido muka ƙara mata, da ɗan furogiram da ke tuƙa ta a madadin hannu.

Za ta bi mutum da zafin jikinsa, ko a cikin duhu?

A'a. Wannan na amsa shi har bakina ya gaji. Zafin jikin ɗan Adam yana fita ne a tsawon zangon haske na wajen nanomita 10,000. Kamarar kwamfuta da ta waya ba sa ganin abin da ya wuce kamar nanomita 1,100. Dukansu infirared ake ce musu, amma tsakaninsu akwai nisa. Igwar nan fitila take bi, mai nanomita 850 ko 940, wadda kai ka kunna ka riƙe. Ka kashe fitilar, ko rawa kake a gabanta ba ta san da kai ba. Masu ganin zafi daban suke, irin su AMG8833 mai ɗigo 8 sau 8 da MLX90640 mai ɗigo 32 sau 24, kuma ba su ne aikinmu a nan ba.

Wane ido zan sa mata?

Idon a bisa bakin igwa ake ɗora shi, kuma hanya biyu ce. Ta farko tsohuwar kamarar kwamfuta. Ka kwance gilashin gabanta, a bayansa za ka ga wani ɗan gilashi mai ƙyallin ja-ja, shi ne yake tare infirared. Ka cire shi a hankali, kada ka karce idon da ke ƙarƙashi. A gurbinsa ka sa baƙin gefen fim ɗin hoto da aka riga aka wanke, ninki biyu. Tsofaffin masu ɗaukar hoto na gari ba sa rasa shi a akwati. Fim ɗin yana tare hasken da ido ke gani, yana barin infirared ya wuce. Hoton zai fito baƙi ƙirin, fitilarka kaɗai farin ɗigo. Daga nan OpenCV, wato kayan furogiram mai karanta hoto, ya zaɓi wuri mafi haske ya ba ka tsakiyarsa.

Ta biyu ita ce madannin Wii, na'urar wasan da Nintendo ta fitar a 2006. A hancinsa akwai kamarar kamfanin PixArt da take yin lissafin da kanta. Tana bin ɗigon haske har 4 a lokaci guda, tana ba da matsayinsu a kan ma'aunin 1024 sau 768, sau 100 a sakan ɗaya, ta Bluetooth. Johnny Chung Lee, lokacin yana ɗalibi a jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, shi ya shahara da nuna abin da za a iya yi da ita a 2007 da 2008. Ta fi sauri nesa ba kusa ba, amma madannin yana da nauyi a kan wuyan igwa, kuma ba ta gani da faɗi. Wanda ya fara yau ya fara da kamarar kwamfuta, domin yana ganin abin da igwar ke gani da idonsa.

Zan iya amfani da telekomand ɗin talabijin a matsayin abin bi?

Don gwaji, e. Ka danna maɓalli ka duba ta kamarar wayarka, a yawancin wayoyi za ka ga tana walƙiya fari-fari da shuɗi. Amma telekomand ba ta ci gaba da haske, ƙyaftawa take yi, furogiram ɗinka zai riƙa samu yana rasawa. Ka cire fitilar LED daga matacciyar telekomand, ka haɗa ta da pil 2 da rezistans (ɗan abin da ke rage ƙarfin wuta) na om 100, ta ci gaba da ci. Kada ka jona ta babu rezistans. Sannan ka goge kanta da sanfefa, domin haskenta siriri ne, da ka ɗan karkata hannu sai ta ɓace wa kamara.

Na jona igwar da kwamfuta, furogiram ya ce bai ga komai ba.

Ka duba lambarta ta USB tukuna, wadda kwamfuta ke gane ta da ita. Ta Thunder 2123:1010 ce. A Linux rubuta lsusb, zai jero maka abubuwan da ke jone ta USB. In ta fito, matsalar izini ce, ko kuma tsarin ya riga ya riƙe ta sai ka sa PyUSB, kayan harshen furogiram na Python mai magana da USB, ya ƙwace. A Windows sai ka sa mata direban libusb, wato ɗan furogiram da zai ba ka damar yi mata magana ta USB. In ba ta fito ba sam, canza wayar USB ɗin ko ramin da ka jona ta.

Tana gudun fitilar maimakon ta bi ta.

Ka musanya hagu da dama a furogiram. Shi ke nan.

Tana ganin fitilar, amma ba ta tsayawa a kanta. Sai ta wuce, ta dawo, ta sake wucewa. Me zan yi?

To, wannan ita ce tambaya. Zauna, ƙanena, domin amsarta ba guda ba ce, kuma abin da ya gyara igwar wani ba lalle ya gyara taka ba.

Ka fara sanin halin abin da kake tuƙawa. Igwar nan umarni shida ta sani: sama, ƙasa, hagu, dama, harba, tsaya. Ba ta san a hankali ba, ba ta san inda bakinta ya dosa ba. In ka ce dama, za ta tafi da gudunta guda har sai ka ce tsaya ko ta kai ƙarshe. Ita kuma kamara hoto 30 take bayarwa a sakan, wato tsakanin hoto da hoto milisakan 33, ga lokacin da hoton zai bi waya, ga na lissafi, ga na aika umarni. Hoton da furogiram yake dubawa ya riga ya tsufa. A ce igwarka tana juya digiri 50 a sakan, jinkirin duka kuma milisakan 200 ne. Kafin "tsaya" ta isa, ta wuce da digiri 10. Sai furogiram ya ga fitila ta koma ɗaya gefen, ya ce dawo, a sake wucewa. Haka za a yi ta yi har dare.

Abu na farko da nake gwadawa shi ne in faɗaɗa tsakiya. A hoto mai 640 sau 480, tsakiya 320 da 240 ne. Kada ka ce sai ɗigon ya sauka daidai a kan 320. Ka ce in yana tsakanin 295 da 345 a bar shi, an isa. Sau da yawa wannan kaɗai yana kwantar da ita. Amma in ka faɗaɗa da yawa za ta tsaya lafiya lau tana harbin gefe, don haka sai ka riƙa ragewa kaɗan-kaɗan har ka ga inda rawar kan take farawa, ka ɗan ja baya.

In bai isa ba, ka daina ce mata "tafi har ka gani". Ka riƙa ba ta taki. Fitila na nesa da tsakiya, taki dogo. Tana kusa, gajere. Bayan kowane taki ka ce tsaya, ka jira ta natsu, ka zubar da hotuna biyu ko uku, sannan ka duba. Zubar da hotunan nan yana da muhimmanci, domin OpenCV yakan tara tsofaffi a layi ya miƙo maka su a matsayin sababbi. Motsin zai zama na tsaye-tsaye, ba zai yi kyan gani ba, amma zai sauka inda ake so. Tsawon takin kuwa babu lambar da zan ba ka. Ka ɗauki agogo ka auna lokacin da taka take ɗauka daga ƙarshen hagu zuwa ƙarshen dama, daga nan ka fitar da naka lissafin. Akwai kuma takin da ya yi gajarta har injin ba ya motsawa, sai dai ka ji ɗan ƙara. Ka nemo wannan iyakar, kada ka sauka ƙasa da ita.

Mai yiwuwa kuma laifin ba na furogiram ba ne. Kama bakin igwar da yatsa biyu ka girgiza a hankali tana kashe. Za ka ji tana ɗan lilo kafin haƙora su kama. Haƙoran roba ne, akwai rata a tsakaninsu, kuma duk lokacin da aka canza hanya farkon takin a cike ratar yake ƙarewa. In taka ta hannu ce, ta sha aiki, ratar ta fi yawa. Wasu suna ƙara ɗan lokaci ga takin farko bayan canza hanya, wani lokaci yana yi, wani lokaci yana ƙara dagula abin. Sannan ka duba wayar kamara. Na ga igwar da aka yi ta zargin lissafinta, ashe waya ce ke janta baya duk sa'ad da ta juya dama. Ka bar wa wayar sakaci, ka ɗaure ta a gindi.

Sai hasken kamara. In ka bar ta tana daidaita kanta, a cikin duhun fim za ta buɗe ido ta daɗe, hotuna su ragu a sakan, ɗigon ya zama jela in ana juyawa. Ka kashe daidaitawar, ka rage hasken da hannu har fitilar ta zama ɗan ɗigo tsaf.

Duk wannan ina magana ne a kan kamarar da ke bisa bakin igwa, tana juyawa tare da shi. In ka kafe ta a tebur, aikin ya canza gaba ɗaya, domin kamara ba ta ganin inda igwa ta dosa, sai dai furogiram ya riƙa ƙirga lokaci yana hasashe, kuskure kuma yana taruwa har sai an mayar da ita ƙarshe an sake farawa. Ban hana ka ba, amma ba da shi ake farawa ba. Kuma ka canza abu ɗaya a lokaci guda. Masu canza abu biyar su zo su ce mini "ba ta yi ba", ni ma ban da abin ce musu.

Da dare tana yi, da rana sai ta juya wa taga.

Kana Damagaram kana tambayar wannan? Kusan rabin ƙarfin hasken rana infirared ne. Ƴar fitilarka ba za ta yi takara da tagar da ke buɗe ba, ko da hasken da ya faɗo a kan siminti. Ja labule, juya mata baya ga ƙofa. Garwashin shayi ma tana ganinsa, haka kyandir da tsohon ƙwan lantarki mai zare. In kun kai ta fada da dare kuka ga ta ƙura wa mangal ido, lafiyarta ƙalau. Ƙwan LED na ɗaki bai cika damunta ba.

Ta saita daidai amma kibiya ƙasa take faɗuwa.

Kamara tana sama da baki, kibiya kuma tana sauka a hanya. Ka matsar da tsakiyar furogiram ƙasa kaɗan domin bakin ya ɗaga. Gyaran na nisa guda ne, in ka matsa sai ka sake. Kuma harbin yana ɗaukar ƴan sakanni kafin kibiya ta fita, abin da ke gudu ba za ta same shi ba.

Zan iya ƙara mata ƙarfi, ko in sa allura a kan kibiya?

Kada in sake jin wannan. Ba igwar yaƙin Sarki Tanimun na Damagaram kake ƙerawa ba, kayan wasa ne, kuma gidajenmu cike suke da yara waɗanda idonsu yake daidai tsayin tebur. Ko soson ma ba a nufar fuska da shi. Ka liƙa fitilar a jikin kwali ko gwangwani, ka ja shi da zare. Bi ta yi da kanta, harbi kuma ya zauna a kan maɓallin da ke ƙarƙashin yatsanka. Lesa ta infirared, wato fitila mai siririn haske mai ƙarfi, kada ka kusance ta, domin ido ba ya ganinta balle ya ƙyafta, sai ta yi ɓarna ba ka sani ba. Kuma a halin tsaron da ƙasa take ciki, ba a yawo a titi da abu mai kama da makami da wayoyi a jiki. A ɗaki ake yi.

Ban sami igwar ba.

Yanzu galibi ta hannu ake samu, ka saƙa wa masu zuwa Kano ko masu sayo kaya daga waje. In ba ta samu ba, Arduino (ɗan allon lantarki da ake sa wa furogiram) da ƴan injinan sarbo 2 irin SG90 sun isa, ka ɗora ƴar tocila a kai. Sarbo ma ya fi biyayya, ka ce digiri 90 ya je digiri 90.

Ni ban iya furogiram ba, kuma kwamfutata tsohuwa ce.

Kwantar da hankalinka. Ɗigo ɗaya fari a kan baƙi ba aiki ba ne ga kowace kwamfuta, ko ƴar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi tana yi. Python ɗin da ake buƙata bai kai shafi biyu ba. Ka raba shi uku: yau ka sa igwa ta juya da maɓalli, gobe ka sa allo ya nuna lambar ɗigo, jibi ka haɗa su. Ƴan mata da samarin da ba su taɓa rubuta layi ɗaya ba suna yi, kai ma za ka yi, in Allah ya yarda.

Kamara tana ta zamewa daga kan igwa.

Da gam mai narkewa ka liƙa, ko? A zafin Afrilu da Mayu, ƙarƙashin rufin kwano, sakin jiki yake yi. Ka yanko siririyar robar tiyo ka ɗaure. In an gama ka rufe igwar da ƙyalle, ƙurar hunturu tana shiga haƙoran.