Zayyana: kalmar da ta riga kaligirafi zuwa gidanmu

Ƙanwata da ke karatu a Yamai ta zo hutu Tawa da wani kwali a jakarta. Ta manna masa ƙyallen atamfa a gefe, ta barbaɗa jan yashi a kan gam, a tsakiya kuma ta rubuta sunanta da baƙaƙen Larabci masu kauri. Kakarmu ta juya shi sama da ƙasa, ta ce, "Zayyana kika koma yi, 'yar nan?" Ita kuwa ta ce, "A'a Inna, kaligirafi ne, a waya na koya." Daga nan gardama ta tashi, kuma kowace da 'yar gaskiyarta.

Zayyana daga Larabci muka aro ta, asalinta ƙawata abu. A bakin almajirai tana nufin adon da ake yi wa allo ko shafin Alƙur'ani rubutun hannu: da'irori, layukan da ke saƙa juna, alamar da ke nuna an kai hizifi ko sumuni ko wurin sujada. Allon zayyana shi ne wanda ake yi wa yaro ranar saukarsa, a rubuta Fatiha da farkon Baƙara, a kewaye su da launi, ya ɗauka ya zaga dangi ana ba shi tukuici. Kalmar tana da wata fuska a maganar yau da kullum, inda za ka ji an ce "ya zayyana masa kome", wato ya yi bayani dalla-dalla bai rage ba.

Kaligirafi kuwa ta bakin Faransanci ta shigo mana, tushenta Girkanci ne, ma'anarta kyakkyawan rubutu. Malamai sun fi cewa haɗɗi. Haɗɗi yana magana a kan baƙin da kansa, tsayinsa da kaurinsa da yadda yake riƙe da maƙwabcinsa, zayyana kuma abin da ke kewaye da shi ne. Mutum na iya zama gwanin ɗaya bai iya ɗayar ba, shi ya sa wani marubucin idan ya gama sai ya miƙa wa mai zayyana.

Wanda zai koyi haɗɗi daga alƙalami yake farawa. Ana yanko gamba ko siririn kara, a fiƙe shi, a tsaga bakinsa kaɗan don ya riƙe tawada, a datse bakin a karkace. Wannan karkatar ita ce ke sa layi ya yi kauri a wuri ɗaya ya sirance a wani ba tare da ka danna ba. A Bagadaza, waziri Ibn Muƙla, wanda ya rasu a 940, ya kafa ƙa'idar auna baƙaƙe da ɗigon alƙalami, alif ya zama ma'aunin sauran. Mafi yawan darussan da ake gani a YouTube, na salon rubutun gabas da ake kira nasahi da sulusi, a kan wannan ma'auni suke.

Namu rubutun na allo jinin Magarib ne, yana tafiya da ruwayar Warshu. Fa ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya ne a sama, abin da ke rikita wanda ya saba da bugun gabas. Layinsa kauri ne, baƙi wuluk, wasula da ja, kuma kowane baƙi da sunansa na gida: ba guje, kaulasan, lam jaye, ha kuri. A ganina duk wanda ya tsallake wannan hannu ya ruga ga sulusi ya yi wa kansa asara, domin a kan zane mai launuka da yawa babu rubutun da ke tsayawa da ƙafarsa kamar namu. Wanda ke Yamai ya leƙa sashen tsofaffin littattafan Larabci da ajami na cibiyar bincike ta IRSH a Jami'ar Abdou Moumouni, zai ga irin hannun da magabata suka bari.

Sai zancen haɗe-haɗe, wato aiki ɗaya da aka tara masa kaya iri-iri: takarda, ƙyalle, fata, yashi, fenti. Turawa suna ƙirga tashensa daga wajen 1912, lokacin da Picasso da Braque suka fara manna takardu a jikin zane. Kusa da mu, Ibrahim El-Salahi na Sudan, ɗan malamin allo, ya warware baƙaƙen Larabci har suka koma fuskoki da siffofi, Hawad ɗan Ayar kuma ya ɗauki Tifinag na Buzaye ya yi ta fantsama su da tawada. Amma Inna ba ta san ko ɗaya cikinsu ba, abin da ta sani shi ne allo katako ne, mariƙinsa an naɗe shi da jar fata, jikinsa tawada ce da launi. Haɗe-haɗen ya fi wannan?

Inda ƙanwata ta sha kashi shi ne wajen tawada. Tamu ta gargajiya, baƙin tukunya ko gawayi da ƙaro, ruwa ne maganinta, don a wanke allo aka yi ta. Ta rubuta baitin waƙa da kyau, ta shafa gam a kai don ya yi ƙyalli, nan take rubutun ya narke ya zama toka-toka. Sai dai a gama manne-manne, kome ya bushe, rubutu ya zo a ƙarshe. Ƙyalle ma shan tawada yake har baƙin ya kumbura, sai an shafa masa sitaci ko farin fenti tukuna.

Abu ɗaya Inna ta gindaya mata, kada ta kuskura ta sa aya a kan tsumma ko jaridar da ba a san inda ta kwana ba. Karin magana da kirari da sunaye kuwa, ga fili ga mai doki. Kafin hutu ya ƙare ta samo guntun jemammiyar fatar akuya wajen dukawa, ta rubuta "Haƙuri maganin zaman duniya" da ajami. Mim ɗin ya ɗan karkace, amma yana nan rataye a ɗakin Inna, kusa da tasbaharta.