Yaya Ya Kamata A Kwantar Da Jariri?

Rigingine ko rub da ciki?

Rigingine, dare da rana, har ya shekara. Akwai mutuwar fuju'a da ke ɗaukar jarirai cikin barci: a kwantar da yaro lafiya lau, a wayi gari babu shi. Ta fi yawa tsakanin wata 2 zuwa 4. A Amurka, ƙungiyar likitocin yara ta ce a daina kifa jarirai a 1992, aka biyo da gangamin wayar da kai a 1994, sai ga irin wannan mutuwa ta ragu da fiye da rabi. Kwanciyar gefe ma ba ta da tabbas, yana ɗan motsawa ya kife.

In ya yi tumbuɗi fa, ba zai ƙware ba?

Nan ne kakanni kan ja daga, kuma tsoron nasu ba na banza ba ne. Sai dai hanyar numfashi a gaba take, ta abinci tana bayanta. Yaro na rigingine, nonon da ya dawo zai gangara hanyar abinci, ya sake haɗiye abinsa. In a kife yake, tumbuɗin kan taru ne a bakin hanyar numfashin.

Laifi ne ya kwana jikin uwarsa?

Abin da likitoci suka fi so shi ne ɗaki ɗaya, shimfiɗa daban, aƙalla wata 6. Mun san ba kowane gida ke da gadon jariri ba. To, katifar ta zama mai tauri wadda ba ta loɓawa, a kawar da filo da bargo mai nauyi, kada a sa shi tsakiyar yayyensa. Bakwaini kam a ware masa wurinsa, haka ma in uwa ta sha magani mai sa barci ko akwai mai shan taba a gadon. Mafi muni shi ne barci ya kwashe ki a kan kushin yana hannunki.

Da hunturu fa?

A sa masa kaya daidai, a bar fuska a buɗe. Taɓa ƙirjinsa: in da gumi, kayan sun yi yawa. Kaskon garwashi kuwa kada ya kwana a ɗaki a rufe, gubarsa ba ta da wari. Gidan sauro a soke shi sosai ƙarƙashin katifa don kada ya faɗo masa a fuska.

Ya fara juyawa da kansa, in riƙa gyara shi?

In yana iya kifewa ya kuma dawo da kansa, ƙyale shi. Ke dai ki fara kwantar da shi rigingine.