Rufin jirgi ne ke zaɓar eriya

Ƴan'uwa masu jiragen ruwa da masunta da ke bin kogin Isa tsakanin Yamai da Gaya ko Tilaberi, da yawanku kun fara sayen na'urar GPS domin gane hanya da dare ko lokacin hazo, kuma kuna yawan tambayarmu ko eriyar da ke cikin na'urar ta wadatar, ko sai an ƙara ta waje.

Saƙon da na'urar ke kamawa yana saukowa ne daga taurarin ɗan'adam da ke nesa da ƙasa da kimanin kilomita 20,200, saboda haka yana isowa da rauni ƙwarai, kuma sai ta ji aƙalla taurari 4 kafin ta faɗi inda kuke daidai. Hazo da hadari ba sa tare wannan saƙo, tamfol da siririn katako ma yana ratsa su, amma ƙarfe yana datse shi.

Mai kwalekwalen da babu rufi a kansa, wanda na'urarsa ke kallon sama kai tsaye, ba ya bukatar eriyar waje, kuma a ganina kuɗin sun fi amfani wajen sayen rigar ceto. Amma babban jirgin kasuwa mai rumfar kwano, inda direba ke zaune tsakanin buhunan shinkafa da gangunan mai, lamarinsa daban ne: a nan na'urar takan ɓace wa taurari, ko ta nuna jirgin a kan tudu alhali yana tsakiyar ruwa. Gwajin ba shi da wuya. Ku kunna ta a daidai mazaunin direba bayan an yi lodi, ku buɗe shafin da ke nuna ƙarfin taurari, sannan ku fita da ita bakin jirgi. Idan sandunan da ke nuna ƙarfin saƙon a shafin sun tashi sosai a waje, rumfar ce matsalar.

In za ku ɗaura eriyar waje, ku sa ta a saman rumfa inda babu abin da ya kare mata sama. Tsayi ba ya ƙara mata komai, doguwar sanda tangaɗi kawai take jawowa. Ku nisanta ta da eriyar rediyon magana kamar mita 1, kada ku yanke wayarta ku yi mata ƙari, kuma ku naɗe mahaɗar da kyau domin danshi shi ne ke fara kashe ta.

Kowace iri kuka zaɓa, na'urar ba ta ganin dorina, ba ta kuma san inda yashi ya koma bayan ambaliyar bana ba, don haka hanyar da kuka adana bara sai an sake bin ta da gora idan ruwa ya ja.