Fargabar makaranta ga matasa masu ciwon suga na allura

Fargabar makaranta ga matasa masu ciwon suga nau'i na 1 wani yanayi ne na tsoro da rashin natsuwa da ke kama yaro ko yarinya da suka fara tasawa, waɗanda rayuwarsu ta rataya a kan allurar insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, duk sa'ad da maganar zuwa makaranta ko zaman aji ko jarabawa ta taso. Tana zuwa da faɗuwar gaba da ciwon ciki da sassafe da rashin barci daren Lahadi, wani yaron kuma kawai ya ce shi yau ba za shi ba, a tambaye shi dalili ya rasa abin faɗa. A unguwannin zango na Ghana irin su Nima da Mamobi da Sabon Zango a Accra, ko Aboabo da Asawase a Kumasi, yawanci fassarar da ake fara yi wa abin ita ce lalaci, in ya yi tsanani a ce iska ce, alhali in aka bi sawu za a tarar tsoron yana da tushe, yaron ya san abin da zai iya samunsa a gaban mutane kuma ya san ba wanda ya shirya masa.

Ciwon da yadda yake ɗaure mutum da agogo

Nau'i na 1 yana faruwa ne idan garkuwar jiki ta juya ta lalata ƙwayoyin da ke yin insulin a cikin fankiriyas, wata gaɓa da ke kwance bayan tumbi. Ba shan zaƙi ke kawo shi ba, ba a ɗaukarsa a wurin wani, kuma ba irin na tsofaffi ba ne da ake shan ƙwayar magani a rage tuwo a zauna lafiya. In babu insulin babu rayuwa, haka abin yake. Frederick Banting da Charles Best ne suka fitar da insulin a Toronto ta Kanada a 1921, kuma mutum na farko da aka yi wa allurar a watan Janairun 1922 ɗan shekara 14 ne mai suna Leonard Thompson, sa'an 'yan ƙaramar sakandarenmu ta JHS.

Wasu ana ba su insulin gauraye irin Mixtard sau 2 a rana, safe da yamma, wasu kuma sau 4 ko fiye, ɗaya mai dogon aiki sauran kuma kafin kowane cin abinci. Mai sau 2 ɗin ya fi sauƙin kuɗi amma shi ya fi takura ɗan makaranta, domin da zarar an yi ta safe to maganin zai ci gaba da aikinsa ko ka ci ko ba ka ci ba, shi bai san an tsawaita asambule ba ko ticha ya cinye lokacin hutu ko motar haya ta trotro ta maƙale a cunkoson Circle a Accra. Ga kuma balaga, wadda sinadaran girma ke sa jiki ya rage jin insulin, shi ya sa yaron da sugansa ke zaune daram yana firamare sai ya shiga shekara 13, 14 komai ya rikice, iyaye su yi ta faɗa wai ya fara cin abu a ɓoye, shi kuma ya yi ta rantsuwa.

Tsoron faɗuwar suga

Wannan shi ne uwa uba. Likitoci na cewa suga ya yi ƙasa idan awo ya nuna ƙasa da 3.9 a ma'aunin mmol/L da ake amfani da shi a asibitocin Ghana, in ya sauka ƙasa da 3.0 kuwa ya zama abin gaggawa. A cikin aji ga yadda abin ke kasancewa: yarinya tana kwafar rubutu daga allo sai hannu ya soma rawa, biro ya ƙi bin layi, zufa ta keto mata a ƙarƙashin hijabi alhali fanka na juyawa, zuciya na dukan uku-uku, ticha ya kira sunanta ta buɗe baki kalmomin su ƙi haɗuwa, 'yan aji su kwashe da dariya. Alewar da za ta cece ta tana nan cikin aljihun jaka amma dokar aji ta hana ci, kuma ita ba ta son a ce me ya same ta. In ta daure ta yi shiru, ƙarshenta faɗuwa ce ko jijjiga, daga nan sai a ce farfaɗiya ce ko aljanu, wani ya kawo ruwa a watsa mata. Wanda abin ya taɓa samunsa sau ɗaya a gaban jama'a ba ya mantawa.

Abin da ya ƙara cakuɗa lamarin shi ne alamun faɗuwar suga da na fargaba kusan iri ɗaya ne, domin duka biyun sinadarin adirenalin ne ke tashi ya kawo rawar jiki da zufa da bugun zuciya. Yaro yana zaune zai fara jarabawa ya ji gabansa na faɗuwa, bai san tsoron lissafi ne ko sugansa ne ke sauka ba, in ba shi da abin awo sai ya zaɓi abin da ya ga ya fi aminci ya sha zaƙi. To ita fargabar kanta tana tayar da suga ta hanyar sinadaran adirenalin da kotisol, sai a haɗu da zaƙi a kan tashin da ya riga ya tashi, ga ƙishirwa ga fitsari ga gani dishi-dishi a tsakiyar jarabawa.

Daga nan ne ɗabi'ar da ta fi haɗari ke samo asali, wato yaro ya riƙa barin sugansa a sama da gangan. Ya rage allurar safe ko ya tsallake ta rana don kar a gan shi da sirinji, ya ƙara koko da ƙosai kafin ya fita, ya ce gara ya wuni da kasala da ya faɗi a fili. A ranar kam ya tsira daga kunya, amma gwajin HbA1c da ke nuna matsakaicin sugan wata 2 zuwa 3 zai tona asiri, maimakon kusan kashi 7 cikin 100 da ake so sai a ga ya yi sama can, kuma yawan tsallake allura kan kai ga taruwar guba a jini, amai da ciwon ciki da numfashi mai zurfi, sai gadon asibiti. Tun 1987 Daniel Cox da abokan aikinsa a Jami'ar Virginia ta Amurka suka fitar da jerin tambayoyi na auna wannan tsoro, kuma kashi biyu suka raba shi, abin da mutum ke saƙawa a ransa da abin da yake aikatawa don kauce wa faɗuwar, har yau ana amfani da shi, akwai na yara akwai na iyaye. Na iyayen ma ba banza ba, uwar da ta taɓa ganin ɗanta ya sume cikin dare ita ce za ta riƙa cewa "ƙara ci, ƙara ci" a bakin ƙofa, yaro kuma ya tafi da tsoronta a kan nasa.

Ɓoyo

A gidaje da yawa maganar farko bayan an dawo daga asibiti ita ce kar kowa ya ji. Ga 'ya mace abin ya fi nauyi saboda ana hango maganar aure tun yanzu, ana tsoron a ce gidan wane akwai ciwo. Sai yarinya ta tafi makaranta da umarnin Mma cewa ta rufe bakinta, ta shiga bayan gida ta yi allura a tsaye cikin sauri, in an raba minerals a bikin aji ta karɓa ta sha don kar a tambaye ta. Namiji kuma tsoronsa kar a ga sirinji a jakarsa a ce ya fara harkar ƙwaya, ko a cire shi daga ƙwallo. A ganina wannan ɓoyon ya fi ciwon kansa jawo fargaba, domin yana nufin ranar da abin ya faru ba mutum ko ɗaya a harabar da ya san abin yi.

Makarantar kwana

Tun da aka fara karatun babbar sakandare (SHS) kyauta a watan Satumbar 2017 yaran zango da yawa sun samu shiga makarantun kwana, wasu a garuruwa masu nisa da gida, kuma ga mai ciwon suga can ne lissafi ke ƙara wuya. Ana tashi da duku-duku a yi shara da wanke-wanke kafin a karya, abinci sai an buga ƙararrawa kuma abin da aka dafa shi za ka ci, siniyoyi na iya sa ka aikin horo ko su kwashe abin da ke cikin akwatin katakonka na gari da shito da suga da Milo, wanda ga wani kwaɗayi ne amma ga wannan yaron magani ne. Bayan karatun dare a kashe fitila, in suga ya sauka ƙarfe biyu na dare wa zai tasa? Ga dokar hana waya, wadda ke shafar 'yan ƙalilan ɗin da ke da na'urar awo ta manne a hannu mai aika sakamako zuwa waya.

Ajiyar insulin ma abin tunani ce. Wanda ba a buɗe ba yana son firij tsakanin digiri 2 zuwa 8, wanda ake amfani da shi kuma yana iya yin kusan kwana 28 a waje muddin zafi bai kai digiri 30 ba, abin da ɗakin kwanan ɗalibai mai rufin kwano a watan Maris ba zai yi maka alkawari ba. Inda ba firij ko wuta na yawan ɗaukewa ana sa kwalbar cikin leda a ɗaure a ajiye a tulun ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi a inuwa, kuma yana rage zafi sosai.

Azumi da makarantar allo

Yaran zango da yawa makaranta biyu suke yi, boko da safe, allo ko islamiyya da yamma da ƙarshen mako, sai ranar ta yi tsawo abinci ya yi nisa da juna. In Ramadan ya zo kuma a aji kowa na tambayar kowa azumi nawa ka kai. Alƙur'ani a Suratul Baƙara aya ta 184 da 185 ya sauƙaƙa wa mara lafiya, kuma ƙa'idojin likitoci sun sa masu nau'i na 1 cikin waɗanda azumi ke da haɗari gare su, wanda ya matsa sai ya yi to da shawarar likita, kuma ya karya nan take in awo ya sauka ƙasa da 3.9 ko ya haura 16.6. Amma ɗan shekara 15 ba ya jin wannan daga bakin nas kamar yadda zai ji daga bakin malaminsa, shi ya sa kalma ɗaya daga malam a gaban sauran almajirai ta fi takardar asibiti aiki.

Ganewa da abin da ke taimakawa

Alamun da ake dubawa su ne ciwon kai ko ciki da ke zuwa ranakun makaranta kawai ya ɓace ranar Asabar, yawan fashi, maki ya zube, awon da kullum yana sama a lokutan aji amma daidai a gida, ko yaro ya riƙa huda yatsa ba ƙaƙƙautawa, ko ya daina awon gaba ɗaya don ba ya son ganin lambar. Kafin a ce fargaba ce zalla sai an duba ko da gaske sugan na yawan faɗuwa, wani lokaci gyara adadin allura ko matsar da lokacinta ya isa.

Abin da ya fi aiki ba shi da tsada. Takarda guda daga asibiti zuwa ga hedimasta da tichan aji da mai kula da ɗakin kwana, a rubuta alamun yaron da abin yi, a ba shi izinin ci ko sha a aji da fita bayan gida ba sai ya yi bayani ba, da wuri mai tsabta na yin allura. In suga ya sauka ana ba da kimanin giram 15 na zaƙi mai saurin shiga jini, kamar ƙaramin cokali 3 na suga a ruwa ko rabin ƙaramar kwalbar Fanta, a jira minti 15 a sake awo, in ya dawo a bi da burodi ko biskit. Wanda ya sume ba a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe a nufi asibiti. Ƙwaƙwalwa kan ɗauki rabin awa ko fiye kafin ta dawo daidai bayan faɗuwar, saboda haka masu rubuta jarabawar kammala makaranta ta BECE da WASSCE ya kamata makaranta ta sanar da masu sa ido tun kafin ranar, kar a tsaya gardamar alewa a ƙofar ɗakin jarabawa. Aboki ɗaya da ya san sirrin ya kuma san inda alewar take yana rage tsoro ƙwarai. In fargabar ta yi zurfi akwai jinyar tattaunawa da masanin halayyar ɗan adam, wadda ke koya wa yaro bambance tunanin tsoro da abin da awo ya nuna da komawa aji sannu a hankali. Masu son ƙwallo kuma ana ba su labarin Nacho Fernández, wanda aka gano yana da ciwon yana ɗan shekara 12, ya kuma ɗaga kofin zakarun Turai a matsayin kyaftin ɗin Real Madrid a 2024.

A Accra asibitin koyarwa na Korle Bu yana da cibiyar ƙasa ta kula da ciwon suga, a Kumasi kuma asibitin Komfo Anokye na ganin yara masu ciwon. Inshorar lafiya ta NHIS da aka kafa a 2003 ta sa insulin cikin jerin magungunanta, sai dai tsinken awo yawanci daga aljihu ake saye, kuma shi ne yaro ke buƙata don ya san tsoro ne ko suga. Ƙungiyar Diabetes Youth Care ta Ghana na haɗa matasa masu ciwon su ga junansu, shirin Life for a Child da ya fara a 2000 daga Ostareliya kuma na tallafa wa wasu cibiyoyi da insulin da kayan awo.