Ƙurajen aski a mara: me ke kawo su, yaya ake kauce musu?

Magana ce da ba a yin ta a bainar jama'a, amma a zangon Kumasi, daga Aboabo har Asawase, duk inda mata suka keɓe wajen kitso ko gyaran amarya sai ta taso: an aske gashin mara, bayan kwana biyu wuri ya cika da ƙuraje, ƙaiƙayi ya hana sakat.

Ina wanka safe da yamma, me ya sa ƙurajen ba sa barina?

'Yar'uwa, ba ƙazanta ba ce. Gashinmu murɗaɗɗe ne, tun daga saiwa yake fitowa a lanƙwashe. Reza kuma a karkace take yanke shi, ta bar masa tsini kamar allura. Da ya fara tsirowa sai ya lanƙwaso ya soki fatar da ke gefensa, ko ma ya kasa fitowa ya ci gaba da girma a ciki. Jiki ya ɗauke shi baƙo, sai kumburi da ƙaiƙayi, wani lokaci har da ruwa fari a kan ƙurjin. In kika duba da kyau a haske, za ki iya hango silin gashin a naɗe ƙarƙashin fata. Ki ƙara da gumin Kumasi, da zaman tiroto (motar haya) a cunkushe, da ɗan kamfai na roba mai matsewa yana goga wurin yini guda. Shi ya sa ƙurajen suka fi yawa daidai inda bakin kamfai ke zama.

To yaya zan yi askin?

Abin da ya fi cutar da mata shi ne son wurin ya yi sumul ƙal. Iya kusancin reza da fata, iya yawan ƙuraje. In gashin ya yi tsawo, fara rage shi da almakashi. Ki yi askin a ƙarshen wanka, bayan ruwan ɗumi ya jiƙa gashin na 'yan mintuna, don jiƙaƙƙen gashi ya fi saurin yankuwa. Ki shafa kumfar aski ko sabulu marar turare; kada reza ta taɓa busasshiyar fata. Ki bi inda gashin ya kwanta, ba ki tayar da shi ba, a hankali, sau ɗaya ko biyu a wuri guda, kina ɗauraye reza bayan kowane ja. Kada ki ja fatar ta miƙe da ɗayan hannun: in kika sake ta, yankakken gashin komawa yake ƙasa da bakin fata, daga nan matsala take farawa.

Reza mai baki ɗaya ta fi mai baki uku ko biyar ga irin gashinmu, domin masu baki da yawa an ƙera su ne su ɗago gashi su yanke shi can ƙasa. Wadda ta dakushe ko ta kwana a jiƙe a banɗaki ta fara tsatsa, jefar da ita. Kuma ba a aron reza, ko ta miji ce, saboda ciwon hanta da ƙanjamau na iya bin jini. In kin gama, ruwan sanyi, ki tsane da tawul ba gogawa, ki shafa man kaɗe tsantsa kaɗan, ki sa kamfai na auduga mai sakin jiki. Soson ragar nan da muke dirza jiki da shi, a ɗaga masa ƙafa kwana biyu.

Wadda ƙuraje suka addaba ƙwarai, injin aski na lantarki da ke barin ɗan gashi kamar milimita ɗaya ya fi mata komai.

Ai addini ne ya ce a aske.

Haka ne, yana cikin abubuwan fiɗira. Amma hadisin Anas bin Malik da ke cikin Sahihu Muslim cewa ya yi kada a bar shi ya wuce dare 40. Babu inda aka ce duk bayan kwana uku. Ki ba fatarki hutu tsakanin aski da aski.

Halawa fa, ko man cire gashi?

Halawa tana tumɓuke gashi daga saiwa, sai a yi makonni kafin ya dawo, shi ya sa masu gyaran amare ke son ta. Sai dai gashin da ya karye a ciki ma yana iya maƙalewa. Kada a yi wa amarya karon farko ana gobe ɗaurin aure. A gwada tun da sauran lokaci a ga yadda fatarta za ta karɓa. Man cire gashi irin su Veet narkar da gashin yake, bakinsa ba ya yin tsini, amma yana ƙona fata in ya wuce mintunan da aka rubuta a jikin kwali. A gwada a ɗan wuri a jira awa 24, kuma a tsaya daga waje, kada ya kusanci cikin gaba. Hodar aski ta gemun maza ba ta wannan wurin ba ce.

Sun riga sun fito, har sun bar baƙin tabo.

Ajiye reza har su warke, ko da zai kai wata guda. Ki jiƙa tsumma mai tsafta da ruwan ɗumi ki ɗora minti goma, sau biyu ko uku a rana. Yawanci gashin da kansa yake fitowa. Matsewa da tono da fil su ne ke kawo tabo, ga wasu ma tabon ya kumbura ya yi tauri. Lemun tsami, man goge baki, turare, duk ƙara raɗaɗi suke.

Baƙin tabon yana gushewa, amma watanni yake ɗauka, kuma a nan ne masu man bilicin na kasuwar Kejetia ke cin kasuwa. Hukumar abinci da magunguna ta Gana ta hana kayan shafa masu sinadarin haidirokwinon, mai haska fata, tun 2016. Su kuma mayukan tub da ake cewa suna maganin komai, da yawa akwai sitiroyid a ciki, wanda ke sirantar da fata in an daɗe ana shafawa, fatar mara kuwa dama siririya ce.

Yaushe zan je asibiti?

In ƙurjin ya zama maruru mai zafi da mugunya, ko ja da kumburi suna yaɗuwa, ko zazzaɓi ya biyo baya. Haka in kika ga ƙananan ƙuraje masu ruwa sun taru wuri guda suna raɗaɗi, ko gyambo, ko wasu tsiro da ke ƙaruwa bayan kowane aski. Waɗannan ƙila ba na aski ba ne, gwaji suke buƙata. Mai ciwon sukari kada ta jira ko kaɗan. Ki fara da asibitin unguwa. In abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, su tura ki wurin likitan fata a asibitin koyarwa na Komfo Anokye. In za ki fi sakewa da ma'aikaciya mace, ki faɗa tun a wurin yankar kati.